Ranar Da Kika Kunna Injin Ƙyanƙyasa Kin Zama Uwar Kaza

   

A 'yan shekarun nan injin ƙyanƙyasar ƙwai ya shigo gidajenmu sosai, musamman ƙananan nan masu cin ƙwai 24 ko 48, waɗanda mace za ta iya ɗorawa a kan teburi a lungun ɗakinta. Tunda aka san ina da shi, da wuya mako ya wuce ba a tare ni da tambaya a kansa ba, ko a makarantar Islamiyyar da nake koyarwa, ko a gidan biki. Tambayar kuma kusan iri ɗaya ce: "Malama, da gaske ne zuba ƙwai kawai ake yi a jona wuta, bayan mako uku a zo a kwashi 'yan tsaki?" Amsar da nake ba su a tsaitsaye ita nake son in zauna in faɗaɗa a nan. Abin da injin ya karɓa daga hannun kaza shi ne ɗumi, wasu kuma har da juya ƙwai. Sauran aikin duka, tun daga zaɓen ƙwan har zuwa ranar da ɗan tsako zai yi gashin da zai kare shi daga sanyi, a kanki ya dawo. Wadda ta gane haka kafin ta saya za ta ci riba. Wadda ba ta gane ba za ta yi asarar kuɗi, ta kuma yi asarar rayuka.

Abin da ya kai ni ga saye

Kiwon kaji gado na yi a wurin mahaifiyata, kuma da kaji uku da zakara ɗaya aka kawo ni gidan miji. Duk wadda ta yi kiwon kajin gida ta san yadda lissafinsu yake. Kaza za ta saka ƙwai 10 zuwa 15, ta yi kwanci mako uku, sannan ta shafe kusan wata biyu tana yawo da 'ya'ya a bayanta ba ta saka ko ɗaya ba. A shekara da ƙyar take zagayawa sau uku. Cikin abin da ta ƙyanƙyashe kuma shirwa na da rabonta, kyanwar maƙwabta na da nata, ruwan damina ma na da nasa. Sai ki ga kaza ta fito da goma, ta ƙare da uku.

Na gama kwalejin ilimi na kama koyarwa, amma kowa ya san alawus ɗin Islamiyya ba ya wuce kuɗin sabulu da omo. Maigida yana iya ƙoƙarinsa, sai dai akwai buƙatun da mace take jin nauyin miƙa hannu a kansu kullum, kamar gudummawar biki, ko ɗan abin da za ki aika wa tsohuwa a ƙauye. Da na lura cewa in aka riƙa ɗauke wa kaza ƙwai ba a bar ta ta kwanta ba tana saurin komawa saka, sai na ga ashe in na sami abin da zai yi kwancin a madadinta, kajina za su ninka abin da suke ba ni. Muka yi shawara da maigida ya amince, na jira ɗaukata ta adashi na sayi mai cin 48.

Kada kuma mu ɗauka dabarar sabuwa ce. Mutanen Masar sun fi shekara 2,000 suna ƙyanƙyasar ƙwai a cikin ɗakunan ƙasa da ake ɗumamawa da wuta, kuma gwanayensu kan ɗora ƙwan a fatar idonsu su gane ko zafin ya yi daidai. Mu ma nan iyayenmu sun daɗe suna sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta a kai, saboda zabuwa ba ta da kirki wajen reno. Wato sauya wa ƙwai uwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Bambancin dai shi ne wannan karon ke ce sabuwar uwar.

Aikin yana farawa tun kafin ki kunna

Wata maƙwabciyata ta taɓa sayen kiret guda a shago ta zuba a injinta, ta yi mako uku tana gadi ba ta ga ko tsako ɗaya ba. Ƙwan shago na gidajen gona ne, inda ake tara kaji dubbai babu zakara ko ɗaya, don haka babu abin da zai fito daga cikinsa. Ƙwan ƙyanƙyasa sai na kazar da ke tare da zakara, kuma zakara ɗaya lafiyayye ya ishi kaji takwas zuwa goma.

Ina tsince ƙwaina sau biyu a rana, in ware wanda ya tsage, da mai kashi a jiki, da wanda ya cika girma ko ƙanƙanta, waɗannan na tukunya ne. Ba na wanke wanda zan ƙyanƙyashe, domin akwai wani siririn rufi da Allah Ya yi wa ɓawon ƙwai wanda ke hana ƙwayoyin cuta shiga ta dubban ƙananan ƙofofin da yake numfashi da su, ruwa kuma yana cire shi. Ina jera su a kiret, tsinin yana kallon ƙasa, faɗin yana sama, in ajiye kusa da randa inda ya fi ko'ina sanyi a gidan, amma ban da firji. Ba na bari su wuce kwana bakwai, saboda daga nan ƙarfinsu yake fara raguwa, a lokacin bazara ma kwana huɗu ko biyar ya isa.

Kwana ɗaya kafin zubi nake wanke injin in kunna shi babu komai a ciki, in ga ko zafinsa ya tsaya a inda ake so, wato digiri 37.5 a ma'aunin Salsiyos ga injin da ke da fanka. Ina kuma sa ma'aunin zafin nan da muke gwada zazzaɓin yara a ciki, don in tabbatar lambar da injin ke nunawa gaskiya ce.

Wata dabara kuma da aikina ya koya mini: ranar Alhamis nake zuba ƙwai. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, mako uku cif, don haka ranar da kika zuba a irinta zai fito. Tunda Alhamis da Juma'a ne hutunmu na Islamiyya, ranar fitowarsu takan same ni a gida. Ke ma ki dubi ranar da kika fi samun sukuni ki zuba a cikinta. In kuma na zabi ne ki ƙirga kwana 26 zuwa 28, talotalo 28, agwagwar gida kuwa har 35. Shi ya sa ban cika son haɗa su a zubi ɗaya ba.

Kwana goma sha takwas na farko

Abu uku ake tsaro a wannan tsakanin: zafi, laima da juyi. Laimar da ake so kashi 50 zuwa 55 ce cikin ɗari, kuma ɗan kwanon ruwan da ke ƙasan injin ne yake ba da ita. A nan ne yanayin ƙasarmu yake shigowa. Da hunturu iska a bushe take ƙayau, ruwan yakan ƙafe kafin ki ankara, sai kin riƙa leƙawa safe da yamma kina ƙarawa da mai ɗumi. Da damina kuwa iskar kanta a jiƙe take, ruwa kaɗan ya wadatar. Dalilin wannan tsaron shi ne ƙwai yana buƙatar ya rage ruwan jikinsa a hankali, kimanin kashi 12 cikin ɗari na nauyinsa kafin kwana 18, domin sararin iskar da ke can gefen mai faɗi ya buɗe. Da wannan iskar ɗan tsako zai yi numfashinsa na farko.

Bazara ita ce ta fi ba ni tsoro. A watan Afrilu ɗaki mai rufin kwano yana iya kai digiri 40, injin kuma ɗumamawa kawai ya iya, bai iya sanyayawa ba. Ɗan da ke cikin ƙwai yana jure ɗan sanyi na 'yan sa'o'i, amma zafin da ya wuce ƙima nan da nan yake kashe shi. Don haka a irin wannan lokacin nakan mayar da injin ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga da hasken rana, wani zubin ma in haƙura sai ruwa ya sauka.

Juyi kuwa, in kin taɓa zama kin kalli kaza mai kwanci za ki ga ba ta daɗewa ba ta sa baki ta motsa ƙwanta ba. Hikimar ita ce kada ɗan ya manne da jikin ɓawo. Injina yana juyawa da kansa, amma duk da haka nakan sa wa kowane ƙwai lamba 1 a gefe ɗaya, 2 a ɗaya gefen da fensir, don in gane ko juyin yana tafiya. Wadda nata ba ya juyawa sai ta yi da hannu, aƙalla sau uku a rana, hannu a wanke. Ga wadda ke tsare salla a kan lokaci abin ba wuya: bayan Asuba, bayan Azahar, bayan Isha'i.

Ranar kwana bakwai ake haska ƙwai, kuma ranar ce yarana suka fi so. Bayan Isha'i mukan kashe fitila, in ɗauko tocila in kafa ta a gefen ƙwan mai faɗi. Wanda ya ɗauka za ki ga jijiyoyi ja sun bazu kamar saƙar gizo, da wani ɗan baƙin ɗigo a tsakiya yana motsi. Zuciyarsa ta fara bugawa tun bai cika kwana uku ba. Ranar da babbar 'yata ta fara gani, riƙe mini hannu ta yi ta ce, "Umma, wallahi yana da rai!" Na sha karantar da ɗalibai ikon Allah a kan halitta a aji, amma ban taɓa ganin darasin ya shiga zuciyar yaro kamar yadda ya shiga a daren nan ba. Wanda kuma kika ga haske ya ratsa shi fes, ko kika ga jan zobe kewaye da shi babu jijiyoyi, wannan ba zai yi ba, ki fitar da shi. In kika bar shi zai zama baragurbi, in ya fashe a ciki sai ya ɓata na kusa da shi. A zubina na farko tara na fitar cikin 48. Akan sake haskawa a kwana 14, sannan a kwana 18.

Maganar wuta

Duk wadda za ta tambaye ni shawara, tambayar farko da nake mayar mata ita ce, in an ɗauke wuta me kika tanada? In babu amsa nakan ce ta dakata da saye tukuna. Akwai injuna masu aiki da wutar gida da batir mai bolt 12 a haɗe, wanda za ki iya caji da sola, akwai kuma masu aiki da kananzir. Wannan tanadin yana cikin kuɗin injin, ki lissafa shi tun farko.

A zubina na biyu, cikin sanyin watan Janairu, a daren kwana 19 aka yi gyara a layinmu, wuta ta tafi tun la'asar. Batirin ya riƙe mu har tsakar dare sannan ya fara kuka. Maigida ya fita neman mai a cikin wannan sanyi, ni kuma na hura gawayi na tafasa ruwa, na cika gorunan roba na jera a jikin injin daga waje, na lulluɓe da bargo na bar 'yar ƙofar shan iska a buɗe. Ban buɗe murfin ba ko sau ɗaya. Ina zaune ina kallon ma'aunin yana sauka, ina canza ruwa, ina jin wani siririn kuka daga cikin ƙwan da bai ma fashe ba. Kuɗin adashina ne a ciki, amma wallahi a lokacin wannan kukan ne ya fi tsaya mini a rai. Sai wajen ƙarfe uku janareta ya tashi. Sun yi jinkirin kusan kwana ɗaya, kuma shida ba su fito ba, amma sauran Allah Ya raya su. Da safe a tsaye na yi ta gyangyaɗi a aji. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, ni kuwa ranar na san abin da take ji.

Kwana ukun ƙarshe

Ranar kwana 18, wadda a lissafina take faɗowa Litinin, ake daina juyi. Sai ki cire abin juyawar, ki shimfiɗa ƙyalle mai ɗan kaushi a ƙasa don kada ƙafafunsu su zame su baje, ki ƙara ruwa laimar ta hau kashi 65 zuwa 70, ki rufe. Daga nan aikinki shi ne haƙuri.

A cikin waɗannan kwanaki ɗan tsako yake juyawa ya kai bakinsa wurin sararin iska, ya huda shi ya fara numfashi. A lokacin ne kuma yake shanye sauran gwaiduwar zuwa cikin cikinsa, wadda ita ce guzurinsa. Sannan ya sa wani ɗan tsini da ke saman bakinsa ya huda ɓawo. Tsakanin hudar farko da fitowa yana iya ɗaukar sa'a 12 har zuwa 24, yana yi yana hutawa.

A nan ne tausayin mace yake iya zama illa. Za ki ga ɗan baki ya leƙo yana kuka, hannunki ya riƙa ƙaiƙayi ki ɓare masa. Ƙaramin ɗana har kuka ya yi mini wai in taimaka masa. To amma jijiyoyin jinin da ke jikin fatar ƙwan ba su gama janyewa ba, in kika ɓare sai jini ya ɓalle, ko ya fito da gwaiduwa a waje, kuma da wuya irin wannan ya rayu. Buɗe murfin kansa ma yana fitar da laima, fatar cikin sauran ƙwan ta bushe ta naɗe su. Na zaunar da yaron na ce masa, wahalar nan da kake gani ita ce take ƙarfafa shi. Ina faɗa ina tuna sau nawa mu iyaye muke karɓe wa 'ya'yanmu aikin da ya kamata mu bar su su ƙarasa da kansu.

In ya fito za ki gan shi jiƙe sharkaf, kwance kamar ba zai yi ba. Ki bar shi a ciki ya bushe gashinsa ya tashi. Kada yunwa ta dame ki, guzurin gwaiduwar nan yana riƙe shi har kwana biyu. Nakan jira su taru sannan in kwashe su a buɗi ɗaya. Wanda bai fito ba har kwana 23, a haƙura da shi, a binne, a wanke injin tas kafin wani zubin.

Reno, inda aka fi yin asara

Mata da yawa suna cin nasarar ƙyanƙyasa, sai su zo su rasa rabin 'yan tsakin a mako biyun farko. Ɗan tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa da kansa, shi ya sa kike ganin suna shigewa ƙarƙashin fiffiken uwa. Tunda babu fiffike, ke za ki samar da madadinsa. Tun kafin su fito nake shirya babban kwali, in lanƙwasa kusurwoyinsa don kada su taru a lungu su danne juna, in zuba ɓuntun shinkafa ko dusar katako mai kauri, in shimfiɗa takarda a kai na kwana biyu ko uku har su gane abinci, sannan in ɗumama wurin.

Ɗumin da suke so a makon farko digiri 32 zuwa 35 ne, ana rage kimanin uku duk mako har su yi gashi, wajen mako huɗu zuwa shida gwargwadon yanayi. Ƙwan lantarki irin na da mai zafi shi ke wannan aiki, fararen nan na zamani haske kawai suke bayarwa. In babu wuta akwai fitilar ƙwai, akwai tukunyar ƙasa da garwashi. Sai dai garwashin ya zama ya gama ruruwa a waje babu hayaƙi, a kange shi yadda ba za su taɓa ba, kuma lallai a bar wa ɗakin mashigar iska. Iskar gawayi a rufaffen ɗaki tana kashe tsako, tana kashe mutum, don haka kada a kwana da shi a ɗakin da yara ke barci.

Ko babu ma'auni su da kansu za su gaya miki. In sun cure wuri ɗaya a gindin fitila suna tsuwa da ƙarfi, sanyi suke ji. In sun gudu gefe suna haki da baki a buɗe, zafi ya yi yawa. In sun koma gefe guda duka, iska ce ke bugowa daga wani wuri. In kuwa sun bazu suna ci suna sha, wasu sun miƙe ƙafa suna barci, to ke ma je ki kwanta.

Ruwa ake fara ba su kafin abinci. Nakan sa ɗan sukari kaɗan a na ranar farko, in kama kowanne in tsoma bakinsa, domin uwa ce ke nuna musu, yanzu kuwa ni ce. Mazubin kada ya yi zurfi, in faranti ne ki zuba tsakuwa a ciki, don ɗan tsako yana nutsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba. Abinci kuma ki sayi na 'yan tsaki da ake sayarwa a shagon kayan kaji. Tsakin gero da dusa da muka saba ba su ba za su ishe su ba, saboda wanda ke bin uwa yana cike gurbin da gara da ƙwari da take tono masa, na cikin kwali kuwa sai abin da kika zuba. Ni kan buga yatsa a kan takardar kamar yadda kaza ke yi da baki, sai ki ga sun rugo.

Kullum da safe ina duba bayansu, wanda kashi ya toshe in goge masa da ruwan ɗumi. Inda shimfiɗar ta jiƙe in kwashe, domin danshi ne ke kawo cutar kashin jini. Da dare kuma a rufe da waya mai ƙananan ido saboda ɓera da gafiya da kyanwa, a kuma lura da kwarkwasa. Yara su wanke hannu da sabulu duk lokacin da suka taɓa su, kuma kada a bari su kai su baki, don suna iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa gudawa.

Riga-kafi

Annobar da ke share kajin unguwa da hunturu, wadda za ki ga kaza tana murɗe wuya tana koren zawo, ita likitoci ke kira Niyukasil, sunan garin Ingila da aka gano ta a 1926. Ba ta da magani sai riga-kafi. Haka ma Gumboro, mai kama 'yan tsaki tsakanin mako uku zuwa shida. Alhamdu lillahi ana yin waɗannan alluran a nan gida, a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Galibi akan ɗiga na Niyukasil a ido a makon farko, a ba da na Gumboro a ruwan sha wajen mako na biyu, sannan a maimaita kowanne, amma tsarin ranakun ki karɓa daga likitan dabbobi na kusa da ke. Kwalba ɗaya ta kaji ɗari ce ko fiye, a cikin ƙanƙara ake ɗauko ta, kuma in an haɗa ba ta kwana. Saboda haka mu huɗu a layinmu muke zuba ƙwai a mako ɗaya, mu haɗa kuɗi mu sayi kwalba ɗaya mu raba.

Ki guji ɗura musu kafso na mutane da ka. Ki kuma guji haɗa su da kazar da aka sayo daga kasuwa sai ta yi mako biyu a ware. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006 masu kiwo suka san cewa in kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, ba a yankawa a ci, hukuma ake sanar wa.

Lissafi da amana

Kafin ki zuba ƙwai 48 ki tambayi kanki ko kina da abincin baki 35 na wata huɗu ko biyar, domin abinci ne ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwo. Kusan rabin abin da zai fito zakaru ne, su nake sayarwa, musamman in na daidaita zubin yadda za su isa yanka gab da Salla. Matan in zaɓi masu kyau in ajiye. Wasu kuma tun suna mako huɗu, sun wuce haɗari sun sha riga-kafi, maƙwabta ke saye. Ina da littafi guda da nake rubuta ranar zubi, adadin da ya fito, wanda ya mutu da abin da na kashe. A cikinsa nake ganin gaskiyar ribata. Ba ta sa na yi arziki ba, amma yau shekara uku ke nan kuɗin littattafan yara da 'yan buƙatuna daga akurki suke fitowa, ƙwai kuma bai yanke a kicin ɗina ba.

Abu na ƙarshe da nake son in bar mu da shi shi ne nauyin da ke cikin wannan sana'a. Kazar da ke yawo a tsakar gida tana nemar wa kanta abinci, amma wanda kika ƙyanƙyashe kika rufe a kwali ba shi da kowa bayan Allah sai ke. Dukanmu mun san labarin da ya zo a Bukhari da Muslim na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba. Don haka in kin san za ki tafi biki na kwana uku babu mai riƙe miki, ki ɗaga zubin. In ƙarfinki na ashirin ne, ki zuba ashirin. In kuma har yanzu ba ki da tanadin wuta, ki ci gaba da sa wa kazarki tana kwanta miki, babu abin kunya a ciki, ki tara kuɗin a hankali.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar duk abin da Ya sa a ƙarƙashin kulawarmu, Ya sa albarka a cikin sana'o'inmu, Ya shirya mana zuriya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.